Haruffan Inna Tafireta

Sunan ya kama ta tun tana yarinya, ya bi ta har furfura. Mahaifinta masinja ne a wani ofishi mai hawa biyu. Wata rana aka fito da tsohuwar tafireta za a jefar, shi kuwa ya ɗaure ta a bayan kekensa ya kawo gida, wai ko ƙarfen zai yi wani amfani. Ƙarfen bai yi amfanin komai ba, amma 'yarsa ta biyu ta tsuguna gaban abin a tsakar gida tana ƙwanƙwasawa da yatsa ɗaya, har uwarta ta ce a fitar mata da wannan masifa kafin kanta ya tsage. Harafin a yana maƙalewa, sai an sa farce an dawo da shi. A haka ta koya. Yaran layin suka sa mata Tafireta. Da ta zama budurwa aka ƙara Anti a gaba, da ta manyanta aka mayar da shi Inna.

Ta sami aiki a wani ƙaramin kamfani mai buga littattafan makaranta, a bayan tashar mota. Ɗakinta dogo ne siriri, da fanka mai kuka a sama, da taga ɗaya da ke kallon bangon ɗakin inji. In an tayar da injin, ruwan da ke kofinta sai ya riƙa rawa.

Tafiretar kamfanin ba ta da ɓ, ba ta da ɗ, ba ta da ƙ. Waɗanda suka ƙera ta ba su san da zaman waɗannan haruffa ba. Saboda haka in ta gama shafi, sai ta zare shi, ta ɗauki alƙalami mai siririn baki, ta bi layi layi tana sa wa kowane harafi ƙugiyarsa. Ba wanda ya tilasta mata. Ita ce dai ba ta iya barin ɗaki ya kwana a matsayin daki.

A nan ta haɗu da direban motar kamfanin, mutum mai faɗin kafaɗa da yawan surutu, wanda ke kai littattafai makarantu. Yakan tsaya a ƙofa yana jiran takardar kaya, yana kallon ta tana lanƙwasa haruffa.

“Wannan ƙugiyar taki,” in ji shi wata rana, “a yi hankali da ita, kada ta kamo mutum.”

“Ba ta kama mai kiɗa tebur da makulli,” ta ce, ba ta ɗaga kai ba.

Ya daina kiɗa teburin. Kafin shekara ta zagayo sun yi aure. Ko bayan sun haifi 'ya mace da ɗa namiji, Direba take ce masa, shi kuma yana ce mata Hajiyar Haruffa in yana son tsokana. Yakan gaya wa abokansa cewa matarsa ko wasiƙar soyayya ka rubuta mata, da jan biro za ta dawo maka da ita.

Da kwamfuta ta zo, mutane da yawa a kamfanin suka tsorata, ita ba ta tsorata ba. Wani injiniya mai ƙaton gilashi ya zauna da ita, ya sa mata wani salon haruffa na musamman. Ya yi mata bayanin cewa kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, kowane harafi da lambarsa. Tun da ba a tanadar wa masu ƙugiya lamba ba, sai masu wannan salo suka yi dabara, suka ari lambobin wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba, suka zana ƙ da ɗ da ɓ a wurinsu.

“Wato haya suke yi a gidan wasu,” in ji ta.

“Haya ce, Anti. Muddin kina kan wannan salon, ba mai tayar da su.”

Shi ne kuma ya koya mata ɓoyayyen karan ɗori. In kalma doguwa ce ta zo ƙarshen layi, kwamfuta kan yanke ta inda ta ga dama, ko ta tura ta gaba ta bar layin da giɓi. Amma in aka dasa wannan alama a tsakanin gaɓoɓin kalma, ba a ganin ta ko kaɗan, sai ranar da kalmar ta faɗo ƙarshen layi, sannan ta fito ta raba ta a inda ya dace. Inna Tafireta ta so wannan abu ƙwarai. Ta riƙa dasa shi a duk kalmar da ta yi tsawo, ko ana bukata ko ba a bukata, hannunta ya saba har ba ta sanin ta yi. Littattafan kamfanin suka yi suna wajen tsabtar shafi. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. 'Yarta ta zama ma'aikaciyar jinya, kowa na ce mata Nas, ta yi aure a wani gari. Ɗan kuma ya tafi neman aiki nesa, sai waya.

Ciwon Direba ya zo masa ne da safe, yana ɗaura igiyar takalmi. Ya ce hannunsa ya ƙi, sai ya zame daga kan kujera a hankali kamar mai neman wani abu a ƙasa. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya dawo gida da rabin fuska a sake, kuma maganar nan tasa mai yawa ta tafi, sai kalma biyu ko uku da ke fitowa da ƙyar. Inna ta ɗauki hutu, hutun ya ƙare ta nemi ƙari, daga baya ma ta daina nema, mai kamfanin ya aiko mata cewa kujerarta na nan. Ta koyi yi masa aski, ta koyi juya shi ba tare da ta ji wa bayanta ciwo ba, ta koyi gane ko ruwa yake so ko a buɗe taga daga yadda yake motsa ido. Yakan riƙe makullin motarsa a hannun da ke aiki, yana juya shi. Sun fi shekara biyu a haka.

Ya rasu da hantsi, tana ɗora masa ruwan wanka. Ta shigo da bokiti ta tarar makullin a ƙasa. Ta ajiye bokitin, ta ɗauki makullin ta sa a kan tebur, ta rufe masa ido, ta fita ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciya ƙofa. Maƙwabciyar ce ta fasa kuka. Inna ta tsaya tana kallon ta, tana tunanin ko ta kashe murhu.

Ba ta yi kuka ba a ranar, ba ta yi ba a kwanakin da suka biyo. Mata suka cika gida, wasu na cewa haƙuri ne Allah ya ba ta, wasu na raɗa. Ƙanwar Direba ta kama hannunta ta ce, “Yaya, ki saki kukan nan, kada ya zame miki ciwo.” Ta ce to. Ta so ta yi, don kada a ce wani abu, amma ba ta sami inda yake ba. Abinci in an ba ta takan ci. In an ce ta kwanta takan kwanta. Nas ta ce ta biyo ta garinsu, ta ce sai ta ga yadda hali ya yi.

Da gida ya yi shiru, ta koma aiki, don ba ta san abin da za ta yi da safiya ba.

Kamfanin ya sauya. Mai shi ya tsufa ya miƙa wa ɗansa, wanda kowa ke kira Manaja, saurayi mai ladabi da saurin tafiya. An kwashe tsofaffin kwamfutoci an kawo sababbi, fankar ma an cire an sa wata da ba ta kuka. Mai Inji ne kaɗai ya rage a cikin tsofaffin hannu, da baƙin tawada a ƙarƙashin faratansa kamar kullum. Ya yi mata gaisuwa, ya daɗe yana tsaye, sannan ya ce, “Inna, Allah ne ya kawo ki. Littattafanki sun haukace.”

Manaja ya buɗe mata ɗaya a kan allon. Littafin karatu ne na ƙananan aji, ita ta buga shi da hannunta. Duk inda ƙ take, wata alama ce mai kama da ƙaramin gatari. Inda ɗ take, wani harafin baƙon harshe ne da ɗigo biyu a kai. Masu gidan sun dawo, an kori 'yan haya.

“Sabuwar manhajar ba ta san tsohon salonku ba,” in ji Manaja. “Yanzu kowane harafi namu yana da tasa lambar ta kansa, ko'ina a duniya. Waɗannan masu sauƙi ne, sai a ce wa kwamfuta duk inda ta ga gatarin nan ta mai da shi ƙ. Matsalar tana nan.”

Ya buɗe wani. A wannan, ba gatari, ba ɗigo biyu. Alamar tambaya ce ko'ina. Wani da aka ɗauka aiki na ɗan lokaci ya gyara haruffan daidai, amma da ya zo ajiyewa sai ya ajiye a tsohon tsari wanda bai san sababbin lambobin ba. Duk harafin da tsarin bai gane ba, ya mayar da shi alamar tambaya, ya kuma danne na asali. Littattafai da yawa sun tafi a haka kafin a farga.

“Ba yadda za a yi inji ya san wanne ne wanne,” in ji Manaja. “Sai mutum ya karanta. Na san lokacin bai dace ba, Inna.”

“Ba komai,” ta ce. Ta ja kujera.

Aikin ya dace da ita fiye da yadda Manaja ya zata. Ba ya bukatar tunani mai nisa, ba ya bukatar magana. Ta ga ?ari, ta duba maƙwabtansa, ta san ko ƙari ne, ko ɗari, ko ɓari. Ta ga ?aya, ta san ko ɗaya ce ko ƙaya. Ta danna, ta wuce. Wani lokaci sai ta ɗago kai ta ga rana ta bar bangon ɗakin inji, ba ta san sa'ad da ta wuce ba. Takan karanta shafi guda cur ba ta iya faɗin abin da ke cikinsa.

Mai Inji yakan leƙo don ya sa ta dariya. Wata rana ya tsaya a bayanta yana karanta allon da ƙarfi: “Uwa tana nuna wa 'ya'yanta alamar tambaya auna. To Inna, ƙauna ce ko ɓauna? Don matata dai ɓauna take nuna wa namu.”

A da, da ta yi dariya har ta share hawaye, ta kuma ce za ta kai ƙararsa gida. Yanzu ta ji maganar, ta gane wasa ne, ta san inda dariyar ya kamata ta faɗo. Ta ɗan motsa baki don kada ya ji kunya, ta sa ƙ. Ya tsaya kaɗan, ya dafa bayan kujerarta, ya koma bakin injinsa.

Da yamma takan hau motar haya ta koma. Gidan ɗaki biyu ne da falo. Gadon jinyar an mayar wa waɗanda suka ba da aro, sai sawun ƙafafunsa huɗu a kan leda. Takan dafa abin mutum biyu bisa kuskure, ta ci rabi, ta rufe sauran. Nas tana kira kullum.

“Inna, kin ci abinci?”

“Na ci.”

“Me kika ci?”

Sai ta duba tukunya kafin ta amsa.

Ana cikin haka makarantu suka kusa komawa, aka tura littafin karatun nan na farko ɗakin inji da gaggawa. Shi ba shi da alamar tambaya, gatari ne kawai aka sauya, kowa ya duba allo ya ga lafiya lau. Injin ya yini yana aiki. Washegari da safe Mai Inji ya shigo da gudu da takarda a hannu, Manaja na biye da shi.

Ya shimfiɗa mata a kan tebur. A tsakiyar layi, inda ba dalili, kalmomi sun tsattsage: ma-ka-ran-ta, lit-tat-ta-fai, ɗa-li-bai. Kowane shafi kamar an yayyafa masa tsinke.

“A allo babu su!” in ji Manaja. “Na rantse babu su. Daga ina suka fito?”

Inna ta kalli shafin. Ta gane su nan take. Ɓoyayyun karan ɗorin da ta dasa ne shekaru da suka wuce, tun Direba yana tsaya mata a ƙofa. Manhajar rubutu ta san su, tana ɓoye su. Amma manhajar da ke shirya shafi don inji ta ɗauke su a matsayin karan ɗori na gaske, ta fito da su duka.

“Nawa ne,” ta ce. “Ni na sa su, a tsohuwar kwamfuta. Danna alamar nan da ke nuna abin da ke ɓoye.”

Ya danna. Suka bayyana a allon, ƙananan ƙugiyoyi kwance a cikin kalmomi, ba iyaka. Manaja ya zauna a bakin tebur ya dafe kai. Bai yi faɗa ba, don ba wanda za a yi wa. Aiki ne da aka yi daidai a lokacinsa.

Mai Inji yana kallon fuskarta. Ya san ta. Ya taɓa ganin ta hana mota fita da kaya saboda ƙugiya ɗaya da ta ɓace a bangon littafi, ta tsaya a gaban motar, mijinta na ciki yana busa mata ƙaho yana dariya. Yana jiran ya ga wannan matar ta tashi.

“A nemo su duka a goge,” ta ce. “Kwamfuta za ta iya, alama ɗaya ce. Sai a sake bugawa.” Ta tura takardar gefe, ta koma kan alamomin tambayarta.

Aka goge su cikin ɗan lokaci kaɗan, a wannan littafin da sauran duka. Manaja ya tambaye ta ko tana so a bar mata kwafi ɗaya na tsohon, da alamominta a ciki. Ta ce a'a, me za ta yi da shi. Takardun da suka lalace aka kwashe aka ba masu kanti. Bayan 'yan makonni ta sayi sabulu a bakin layinsu, aka naɗe mata a cikin shafi na goma sha wani abu. Ta karanta layi biyu a tsaye, ta ga ma-ka-ran-ta, ta kwance sabulun ta jefa takardar a kwandon shara.

Sau ɗaya ne wani abu ya ɗan motsa. Tana gyaran littafin lissafi, sai ta zo kan wata tambaya game da direban da ya ɗauko kwali kaza ya sauke kaza, saura nawa. Ta tuna ranar da ta buga wannan shafin, Direba ya leƙo ya ce amsar ƙarya ce, don direban kirki yakan ajiye ɗaya a ƙarƙashin kujera saboda shugaban makarantar da zai roƙa. Hannunta ya tsaya a kan madannai. Ta ji kamar kukan ya taso, ta zauna tana jiran sa. Ya tsaya a hanya, sannan ya koma. Ta sha ruwa, ta sa ɗ a ɗauko.

Ta gama littafi na ƙarshe ana tsakiyar damina. Ta duba shi sau biyu, ta ajiye a sabon tsari yadda Manaja ya nuna mata, ta je ofishinsa ta tsaya a ƙofa.

“Ɗana, na gama. Zan tafi wajen Nas.”

Ya miƙe tsaye. Ya ce akwai sababbin littattafai, ya ce ko rabin yini ne ta riƙa zuwa. Ta ce idonta ya gaji, wanda gaskiya ne, ko da yake ba shi ne dalilin ba, kuma da ya matsa da ba ta iya faɗin dalilin. Suka yi mata ɗan taro a ɗakin inji da shayi da burodi. Mai Inji ya tashi zai yi jawabi, ya fara, muryarsa ta karye, ya zauna. Ita ce ta ce masa ya yi haƙuri.

Yanzu tana gidan Nas, a hawa na biyu na wani dogon gini kusa da asibiti. An ba ta ɗaki mai taga da ke kallon wurin ajiye motoci. Surukinta mutumin kirki ne, ba ya fita sai ya durƙusa ya gaishe ta. Da safe takan raka jikarta bakin titi ta hau motar makaranta, ta dawo ta wanke kofuna, ta zauna. Nas ta kai ta wajen likita, aka auna jini, aka auna zuciya, aka ce ba abin da ke damun ta, ta dai riƙa tafiya da ƙafa. Tana yi. Takan je har ƙarshen layi inda ake gyaran taya, ta juyo.

Ɗanta ya kira rannan, ya ce zai aiko mata da ƙaramar kwamfuta don ta rage kaɗaici.

“Bar shi,” ta ce. “In za ka aiko, aiko mini takalmi mai laushi. Matakalar nan tana cin ƙafa.”

Ya tambayi lambar ƙafarta. Ta ce ba ta tuna ba, bari Nas ta dawo daga aiki ta duba.